Yadda Ake Zaɓar Aksil da Rashiyon Giya na Motar Shiga Gona da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya san ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan ya san kwalta iyakarta manyan tituna. Da an sauka daga titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari aka yanki ƙauye, ko aka bar Hunkuyi aka nufi gonaki, sai burji, sai yashi, sai lakar fadama. Daga waɗannan gonaki ake fito da rake da masara da tumatir, kuma motocin a-kori-kura ne ke yawancin aikin: Hilux, L200, da tsofaffin Peugeot 504 irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna. Manyan lodi kuma sai Canter.

Idan irin wannan mota ta fara kafewa a laka, ko ta kasa hawa da lodi, ko ta riƙa cin kuloci, shawarar da aka fi ba mai ita a tasha ita ce ya canza bak-aksil ya sa "mai ƙarfi". Aikin yana cin kuɗi sosai, kuma idan aka zaɓi wanda bai dace ba, asarar ba ta tsayawa a kuɗin kayan. Mota za ta ƙara shan mai, a lokacin da kowace lita ke da zafi tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Tana iya fasa giya. Tana ma iya karya shaf alhali akwai mutane a kan lodi.

Abin da wannan darasi zai nuna shi ne, ana gane aksil ɗin da ya dace ne da ƙirga da lissafi tun kafin a je kasuwa. Kayan aikin kuwa ba su wuce wayar hannu, alli da jak ba. Ko da mai karatu ba shi da mota, zai iya yi wa mahaifinsa ko yayansa ko maigidansa wannan lissafi ya tsare musu kuɗi.

Mene ne rashiyo?

Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan farfela ta ɗauke shi zuwa aksil na baya, wato bak-aksil. A tsakiyar aksil akwai wani ƙullutu, a cikinsa akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna. Ƙaramin, wanda farfela ke juyawa, shi ake kira finiyon. Babban, mai kama da faranti, shi ake kira kirawun. Rashiyo shi ne amsar da ake samu idan aka raba yawan haƙoran kirawun da na finiyon.

Ga waɗanda aka fi samu a aksil ɗin Toyota mai kirawun inci 8:

Haƙora 41 da 10: rashiyo 4.10
Haƙora 43 da 10: rashiyo 4.30
Haƙora 41 da 9: rashiyo 4.56
Haƙora 39 da 8: rashiyo 4.88
Haƙora 37 da 7: rashiyo 5.29

Ma'anar 4.10 ita ce sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Duk lokacin da lambar ta ƙaru, ƙarfin ja yana ƙaruwa, gudu yana raguwa, inji kuma yana ƙara juyi a kan kwalta. Duk lokacin da ta ragu, mota tana samun gudu da sauƙin shan mai idan ba lodi, amma tana yin nauyin tashi. Wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san wannan da ƙafarsa.

Babu rashiyon da ya fi kowane kyau. Kamar zaɓen waya ne: mai buga gem da mai neman batir ya kai shi kwana biyu ba waya ɗaya ce ta dace da su ba. Abubuwa uku ke yanke hukunci: girman taya, nauyin lodi, da irin hanyar da motar ta fi bi.

Mataki na 1: A gano rashiyon da ke kan motar yanzu

Hanya ta farko ita ce farantin bayanai. Motocin Toyota suna da ɗan faranti ko takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a cikin gidan inji, mai ɗauke da lambar giyabos da ta aksil. A ɗauke shi hoto da waya a zuƙo shi. A tsofaffin motoci lambar tana zuwa da harafi ɗaya da alƙaluma uku: G292 na nufin 4.10, G282 na nufin 4.30, G254 na nufin 4.56, G144 kuma 4.88. Sababbin motoci suna da wani tsarin lamba daban, wanda ma'anarsa ke canzawa daga samfuri zuwa samfuri, don haka sai an bincika shi a intanet tare da sunan motar da shekararta.

Sai dai faranti yana faɗin abin da kamfani ya sa ne, ba abin da ke ƙarƙashin motar yau ba. Motar da ta shekara ashirin tana wucewa daga hannu zuwa hannu, wataƙila an canza mata aksil fiye da sau ɗaya. Gani ya kori ji, don haka sai a bi hanya ta biyu, wato ƙirga da alli:

1. A ajiye motar a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a kashe inji, a tokare tayoyin gaba da duwatsu gaba da baya.
2. A sa giya a firi, a sauke birkin hannu. Idan mai jan ƙafa huɗu ce, a bar ogzilari a 2H.
3. A ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a saka katako mai kauri ko ƙarfen tokara a ƙarƙashi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.
4. A yi alama da alli a jikin tayar, a yi wata a jikin farfela.
5. Mutum ɗaya ya juya tayar sau 20 cif, wani ya leƙa daga gefe ya ƙirga juyin farfela. A raba abin da aka samu da 10.

Juyi 41 na nufin 4.10, juyi 43 na nufin 4.30, juyi 45 da rabi na nufin 4.56, kusan 49 kuma 4.88. Idan ido ya rikice, a jingine waya ta ɗauki bidiyo, daga baya a ƙirga a natse. Idan tayar ta ƙi juyuwa da hannu, to aksil ɗin irin mai riƙe taya biyu ne, wanda bayaninsa ke tafe. A nan sai a ɗaga tayoyin baya duka biyu, a juya su tare sau 10, a raba da 10.

Mataki na 2: A lissafa tsayin taya

Yawancin motocin da ake cewa sun rasa ƙarfi, ba inji ne ya gaji ba. Taya ce aka canza musu. Mai mota ya sa doguwar taya don cikin motar ya daina gogar ƙasa, kuma yana da gaskiya, domin taya ce kaɗai ke ɗaga ƙullutun aksil daga ƙasa. Ƙarin sifirin yana ɗaga bodi ne kawai. Amma doguwar taya tana cinye ƙarfin ja.

Rubutun da ke gefen taya ya isa a gane tsayinta. A ɗauki 205/80R16. Lambar farko faɗi ne a milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, kashi 80 cikin 100 na faɗin. Ta uku girman wili ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. A buɗe kalkuletar waya:

205 × 0.80 × 2 = 328
16 × 25.4 = 406
328 + 406 = milimita 734

Idan aka cire ta aka sa 265/75R16, lissafin zai ba da milimita 804. Motar ta ɗagu da milimita 35, wato rabin bambancin. Ga abin da ta biya kafin ta samu wannan:

4.10 × 734 ÷ 804 = 3.74

Wato motar da aka ƙera da 4.10 ta koma tamkar mai 3.74. Ta yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na ƙarfin janta a kowace giya, birki ma ya ragu da kamar haka. Shi ya sa direba ke riƙe kuloci rabi da rabi kafin ya tashi da lodi, shi ya sa kuma farantin kuloci ba ya daɗewa. Maleji ma ya koma ƙarya: idan ya nuna 80, motar tana gudun kusan 88 ne. Ana iya tabbatar da haka da kowace manhajar auna gudu mai aiki da GPS, amma wanda ke zaune kusa da direba ne zai riƙe wayar.

Don a mayar wa motar da ƙarfinta na asali, sai a juya lissafin:

Tsohon rashiyo × tsayin sabuwar taya ÷ tsayin tsohuwar taya
4.10 × 804 ÷ 734 = 4.49

Babu 4.49 a kasuwa, mafi kusa da shi 4.56 ne. Da shi motar za ta dawo yadda take, har da ɗan ƙari, kuma a motocin da malejinsu ke karanta juyin farfela, shi ma zai dawo kusan daidai.

Akwai kuma mafita wadda ba ta buƙatar taɓa aksil ko kaɗan: a koma tayar asali. Idan hanyar da motar ke bi ba ta da zurfin kwari, wannan ce gyara mafi araha.

Mataki na 3: A duba abin da inji zai ji a kan kwalta

Motar da ta fito da kaya daga gona sai ta hau titi ta kai su kasuwar Makarfi, ko Zariya, ko Kano. Don haka kafin a yi sha'awar babbar lamba, a lissafa juyin inji a minti ɗaya, wato RPM. A ɗauka giya ta biyar 0.85 ce, kamar yadda take a wasu tsofaffin Hilux, gudun kuma kilomita 100 a awa:

Taya 734 da 4.10: kusan 2,520
Taya 804 da 4.10: kusan 2,300
Taya 804 da 4.56: kusan 2,560
Taya 804 da 4.88: kusan 2,740
Taya 804 da 5.29: kusan 2,970

Lambobin sun nuna 4.56 ya mayar da injin inda kamfani ya ajiye shi. Shi kuwa 4.88 ya ƙara juyi sama da 200 a kan na asali, abin da mai lodi kullum zai iya jurewa. Amma 5.29 ya kai injin kusa da 3,000, ga ƙara, ga zafi, ga shan mai, musamman a injin gas wanda ba ya son yawan juyi. Akwai kuma wata illar: finiyon ɗin 5.29 haƙora bakwai gare shi, ya fi sauran ƙanƙanta, don haka ya fi su saurin karyewa idan taya ta yi tsalle ta dira da lodi.

Wanda ya iya Google Sheets ko Excel a waya zai iya zuba waɗannan lissafai a jadawali ɗaya, ya riƙa canza taya da rashiyo yana ganin amsa nan take. Idan motar ba ta da agogon RPM amma tana da ramin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, ɗan na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque za su nuna juyin injin a fuskar waya. Tsofaffin motoci masu kafireto da tsofaffin injinan gas irin 3L ba su da wannan rami, sai dai lissafi.

Mataki na 4: A duba ogzilari kafin a taɓa aksil

Mota mai jan ƙafa huɗu tana da ƙaramin liba na biyu mai 2H, 4H da 4L. Na ƙarshen shi ne giyar jan nauyi a hankali. A tsohuwar Hilux mai giyar farko 3.95 da ogzilari 2.28, ga yadda ƙarfin ke ninkuwa:

Giyar farko a 2H ko 4H: 3.95 × 4.10 = 16.2
Giyar farko a 4L: 3.95 × 2.28 × 4.10 = 36.9

Canza aksil daga 4.10 zuwa 4.88 yana ƙara ƙarfin ja da kashi 19 cikin 100. Jan liba zuwa 4L kuwa yana ninka shi fiye da sau biyu, kuma ba a biyan ko kwabo. Amma motoci da yawa an cire musu farfelar gaba, ko makullan tayoyin gaba sun lalace an bar su, sai mota mai ƙafa huɗu ta koma tana aiki da biyu. Mai irin wannan mota, kuɗinsa na farko a nan ya kamata ya tafi.

Dokar da ba a karyawa: gaba da baya su zama ɗaya

A mota mai jan ƙafa huɗu, aksil biyu ne, kuma dole rashiyonsu ya zama iri ɗaya. Idan aka sa 4.56 a baya aka bar 4.10 a gaba, da an shiga 4H tayoyin gaba za su nemi yin gudun da ya fi na baya da kusan kashi 11 cikin 100. A laka tayoyin za su riƙa zamewa suna ɓoye matsalar. Da an taka ƙasa mai tauri, duk wannan ja-in-ja a kan ogzilari da farfela da shaf zai sauka, har sai mafi rauni a cikinsu ya karye.

Saboda haka duk farashin da aka ji a kasuwa, a ninka shi biyu kafin a yanke shawara. Idan kuɗin bai kai na gaba da baya ba, a jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, kuma kada a bar mota a 4H a kan busasshiyar kwalta, sai dai idan irin mai jan ƙafa huɗu a kullum ce, kamar wasu Prado da Land Cruiser.

Masu Peugeot 504 da Hilux mai jan baya kaɗai ba su da wannan matsala. Aksil ɗaya gare su, kuɗin ma na ɗaya ne.

Idan matsalar kafewa ce, rashiyo ba zai magance ta ba

A cikin ƙullutun aksil akwai wasu ƙananan giyoyi da ake kira difaranshiyal, waɗanda wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ya yi wa rajista tun 1827. Aikinsu shi ne barin tayar waje ta fi ta ciki juyi a kwana. Illarsu ita ce suna ba tayoyin biyu ƙarfi daidai wa daida, kuma ƙarfin ba ya wuce abin da tayar da ta fi santsi za ta iya riƙewa. Shi ya sa ake ganin mota a fadama taya ɗaya tana wulwulawa tana watsa taɓo, ɗayar tana tsaye a busasshen wuri. Ƙara rashiyo a wannan hali ba abin da zai ƙara sai zurfin ramin.

Ga zaɓin da ake da shi:

LSD. Difaranshiyal ne mai farantai a ciki da ke riƙe tayoyin biyu kaɗan, don wadda ke kan tauri ta samu ƙarin ƙarfi. Wasu Hilux da L200 da shi suka zo daga kamfani, don haka ana samunsa a kayan Beljiyam. Gwajinsa: a ɗaga tayoyin baya biyu, giya a firi, a juya ɗaya. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, LSD ne. Idan ta juya baya ko ta tsaya, na gama-gari ne, ko kuma LSD ɗin ya cinye. Yana buƙatar man giya mai rubutun LSD a jikin galan.

Loka. Wannan yana kulle tayoyin biyu su juya tare. Akwai mai maɓallin lantarki da Toyota ta sa a wasu Land Cruiser da Prado da Hilux, akwai mai aiki da iska na kamfanin ARB na Ostareliya, akwai kuma masu kulle kansu irin su Detroit Locker. Sun fi LSD aiki a laka, sun kuma fi shi tsada da wuyar samu.

Walda. Wasu suna kai difaranshiyal wurin mai walda a narke giyoyin su zama ɗaya. Ya fi komai araha, kuma a laka yana aiki. Amma ba ya buɗewa. A kan kwalta, a kowace kwana sai taya ɗaya ta goge ƙasa, mota ta riƙa ƙin bin sitiyari, shaf kuma ya riƙa murɗewa har ranar da zai tsinke. Motar da ke hawa titi da lodi ko da mutane ba ta dace da shi ba ko kaɗan.

Kafin duk waɗannan, taya mai manyan haƙora ta fi komai rage kafewa a kan kuɗi kaɗan. Siririya mai tsayi, irin 7.50R16, takan yanka laka ta taɓo tauri, kuma tana da ƙarfin ɗaukar kaya. Rage iska kaɗan a yashi ma yana taimakawa idan lodin bai yi yawa ba, amma a mayar da iskar wurin mai faci kafin a hau kwalta.

Idan matsalar lodi ce, a duba irin aksil ɗin

Aksil na baya iri biyu ne. A na farko, wanda ke jikin Hilux da L200, shaf ɗin da ke juya taya shi ne kuma ke ɗauke da nauyin motar, a kan boris ɗaya. Idan ya karye ko boris ya watse, tayar tana iya ficewa gaba ɗaya. A na biyu, wanda ke jikin Canter da Dyna da yawancin Land Cruiser 79, nauyin yana kan bututun aksil ne da boris biyu, shaf juyawa kawai yake yi. Ana gane shi da ƙullutun ƙarfe mai notuna da ke fitowa ta tsakiyar wili.

Ƙarfin ɗaukar Hilux bai wuce wajen tan ɗaya ba. Buhu goma na masara mai kilo 100 sun cike shi, kafin a sa yaran mota da masu kaya. Babban rashiyo zai sa motar ta tashi da buhu goma sha takwas ba tare da kuka ba, amma shaf da boris da birki suna nan yadda suke. Rashiyo yana ƙara ja, ba ya ƙara ɗauka. Wanda aikinsa kullum ya wuce tan ɗaya, kuɗin da zai zuba a aksil gara ya tara shi ya nemi babbar mota, ko ya yi sahu biyu.

Dasa aksil ɗin wata mota a jikin Hilux ma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an duba faɗi, mazaunin sifirin, bakin farfela, birkin hannu da notunan taya. Hilux mai ƙafa huɗu noti shida gare ta, Land Cruiser 79 kuwa biyar, ga kuma wayar ABS a sababbin motoci.

Yadda ake sayen na hannu

Aksil ɗin Toyota mai inci 8 yana da wani sauƙi: ana kwance kansa gaba ɗaya, da kirawun da finiyon da difaranshiyal a haɗe, a ɗaura wani. Sayen kan da kamfani ya saita ya fi araha, kuma ya fi aminci a kan sayen sababbin haƙora a ba wanda ba shi da kayan awo ya haɗa. Ratar da ake bari tsakanin haƙoran milimita 0.13 zuwa 0.18 ce, ba a gane ta da ido sai da agogon awo. Idan saitin ya kuskure, aksil zai yi ta kuka har ya cinye kansa. A lura kuma, Hilux irin LN106 mai miƙaƙƙen aksil a gaba ta bambanta da na baya-bayan nan, waɗanda kan gabansu wani iri ne daban.

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Sabon Garin Zariya, a bi waɗannan:

1. A nemi mai kaya ya turo bidiyo ta WhatsApp yana ƙirga haƙoran kirawun da na finiyon da alli. Wannan zai hana tafiyar banza.
2. A tambayi farashi a wuri uku kafin a biya.
3. A je da bakanike da tsohon kan ko shaf, a gwada tsagar bakin shaf da ramukan noti.
4. A haska haƙoran da fitilar waya. Ɓalli, tsatsa mai rami ko launin shuɗi na ƙuna, duk dalilin fasa saye ne.
5. A juya finiyon da hannu. Ya tafi sumul, ba gargada, ba girgiza sama da ƙasa.
6. Kada a haɗa kirawun ɗin wani da finiyon ɗin wani. Tare ake goge su a kamfani, tare suke aiki.
7. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a rasit, a ɗauke shi hoto.

Bayan an ɗaura, a sa sabon sil, a zuba man giya mai alamar GL-5, irin 80W-90 ko 85W-90. Idan sababbin haƙora ne, a tausaya musu da lodi a kilomita 800 na farko, sannan a canza man.

Akwai kuma ɗan gyaran da ba ya cin kuɗi. A saman aksil akwai ƙaramin bakin shan iska. Idan aksil mai zafi ya shiga ruwan rafi a watan Agusta, yakan zuƙi ruwa ta nan ko ta sil, man ya koma kamar madara, boris da haƙora su lalace. A jona masa tiyo a ɗaga bakin zuwa ƙarƙashin bodi, a kuma riƙa duba launin man bayan kowace damina.

Jerin kashe kuɗi, daga farko zuwa ƙarshe

1. Man giya, sil, boris da tiyon shan iska.
2. Birki.
3. Gyaran ogzilari da jan gaba.
4. Tayoyi masu kyau, girma ɗaya. Alƙaluma huɗu na ƙarshen lambar DOT suna faɗin shekarun taya: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.
5. Rashiyo, idan lissafi ya nuna akwai buƙata, gaba da baya tare.
6. LSD ko loka a baya.

Mai ɗauko rake daga fadamun Kudan da Makarfi, wanda tafiyarsa gajera ce, lodinsa mai nauyi, kuma ya sa doguwar taya, 4.56 ko 4.88 tare da LSD sun dace da shi. Mai kwasar tumatir daga Ikara zuwa Kano ko Kaduna, wanda yawancin tafiyarsa a kwalta ce, ya bar rashiyon kamfani da tayar asali, ya sa kuɗinsa a birki da taya. Mai motar da ke kafewa a damina kawai, ya fara da taya da ogzilari, domin sau da yawa a nan matsalar ke ƙarewa.

Kafin a tura wa kowane mai kaya kuɗi, a tabbata lambobi huɗu suna rubuce a cikin waya: rashiyon baya, rashiyon gaba, tsayin tayar asali, da tsayin tayar da ke kan motar yanzu. Samo su bai fi aikin awa ɗaya ba, kuma da su ne za a san ko motar tana buƙatar sabon aksil ko ba ta buƙata.